Murafan Tagulla Goma Sha Ɗaya

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe tara na safe

Auta lafiya. ’Yarta tana tari tun shekaranjiya, amma tana cin abinci, tana guje-gujenta. Gwaggo, yayar babansu, gwiwarta ta hagu ta sake kumbura, ba ta fito daga ɗakin baya ba sai da na kai mata ruwan zafi. Ni lafiya, sai dai barci. Injiniya, babban ɗana, lafiya lau yake in ji matarsa. Ni dai ban ji muryarsa ba.

Yau kwana tara ke nan murafan ba su dawo ba.

Zan rubuta yadda aka yi, tunda Auta ta ce littafin nan na motsa hannu ne, kada karatun da na samu da furfura ya gudu. Asabar waccan Injiniya ya zo da sukudireba a aljihu. Ya kashe wuta daga mita, ya bi gidan ɗaki ɗaki yana cire murafan makunnin wuta. Guda goma sha ɗaya ne, na tagulla, da zanen ganye a gefe, kowanne da ’yar ɓula a tsakiya inda hancin makunnin yake leƙowa. Babansu, Allah ya jiƙansa, mai gyaran wuta ne. Shi ya ɗaura su da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, cikin shekara shida, yadda ya riƙa ja wa ɗakunan wuta.

Injiniya ya ce akwai wani mai inji da yake goge tagulla ta koma sabuwa, mako ɗaya an gama. Na ce shekara arba’in ina goge su duk Juma’a da lemun tsami da toka, me ya rage? Ya yi dariya ya ce, “Mama, ki huta mana.” Ya naɗe su a jarida ya tafi.

Yanzu kowane ɗaki da rami a bango, wayoyi a waje kamar hanji. Na yanka kwalin sabulu na rufe su da salatif.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ya zo, amma ba da murafan ba. Da mutum biyu ya zo, ɗaya da tef ɗin awo, ɗaya yana ɗaukar hoto da waya. Ya ce masu fenti ne, yana so a gyara mini gidan.

Sun auna falo, sun auna ɗakin girki. Sannan suka fita suka auna tsakar gida tun daga bangon baya har bakin titi. Mai wayar ya ƙwanƙwasa ƙofar falo da bayan yatsa, ya kalli ɗan’uwansa ya ce katakon dā ne. Gwaggo tana zaune a bakin ƙofarta da ƙafa a miƙe. Har yau Amarya take ce mini, ko da yake mun tsufa tare. Ta ce, “Amarya, fentin zamani har ƙasa ake shafa wa?”

Na tambaye shi murafan. Ya ce mai injin ya yi tafiya. Yana faɗa yana duba takalminsa. Tun yana ɗan shekara biyar in ya fasa kofi takalminsa yake dubawa.

Akwai abin da nake tunani game da gidan nan. Ba zan rubuta shi ba. In na rubuta zan gan shi da idona.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Bai kira ba. Tarin ya ragu.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Yau na mari hannun jikata, abin da ban taɓa yi ba.

Kunna-Kashe muke ce mata, don tun kafin ta iya magana take miƙa hannu a ɗaga ta ta taɓa makunni. Yanzu shekararta uku, ta iya jan kujera da kanta. Ina shanya na ji gidan ya yi shiru, irin shirun da ba na so. Na shiga na same ta a kan kujera a ɗakin girki, ta ɓare kwalin, yatsarta na cikin ramin. Ban san lokacin da na tsallake tabarma ba. Ta yi kuka, ni ma na zauna a ƙasa kusa da ita.

Ba zan ƙara jiran mai inji ba. Zan nemo wasu masu sauƙin kuɗi in rufe ramukan kafin namu su dawo. Amma ba na son farar robar nan ta gidajen haya. Ina son masu kama da namu, ko da daga nesa ne.

Na kashe wuta daga mita yadda babansu ya koya mini. Na ɗauki zare na auna tsakanin ramin sukuru na sama da na ƙasa, na ƙulla a nan, na ƙulla a can. Zaren yana cikin jakata.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe uku na rana

Auta lafiya. Yarinyar lafiya, ba ta yi mini magana ba sai da na ba ta alewa. Gwaggo ta taka har bakin famfo. Ni ƙafafuna.

Na shiga shago uku a layin masu kayan wuta. Na farko ya ɗora zarena a kan murfi, ya girgiza kai, ya ɗora a kan wani. Ya ce, “Mama, makunninki ya girme ni. Rabon da a yi mai wannan awon tun ban san hannun damana ba.” Ya ce in bari a fasa bango a cire komai a sa na zamani. Na ce wanda ya sa waɗancan ba ya nan balle in nemi izininsa.

Na biyu ya fito mini da wasu masu ruwan gwal. Na ɗauka na ji ba nauyi, na sa farce, sai ga roba. An yi wa roba kwalliya kawai. Da ramukan sun dace da na saya a haka, amma ba su dace ba.

Na uku mace ce, ta ba ni kujera. Ta nuna mini hoto a waya, sababbi ne da ake yi su yi kama da na dā, daga wata ƙasa ake aiko su. Sun yi kyau, har da ganyen. Da ta faɗi kuɗin guda ɗaya sai na yi dariya, ita ma ta yi. Ta ce in gwada layin masu tsofaffin kaya a bayan tashar mota, akwai wani dattijo da yake sayen kayan gidajen da za a rushe. Wani lokaci yakan bar masu aibi da araha.

Murafan ba su dawo ba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na ce wa Auta ta kira yayanta, tunda ni ba ya ɗauka. Tana wanke tukunya. Ta ce zai zo, aiki ne ya yi masa yawa, kuma kin san abin da ya same shi a wurin aikin. Na ce ban sani ba, ba wanda ya gaya mini. Ta ci gaba da cuɗa tukunyar da ta daɗe da fita. Can ta ce, “Mama, don Allah ki bar maganar murafan nan.”

Auta ce ta koya mini karatu. Da aurenta ya mutu ta dawo gida, ta sayo allo da alli ta zaunar da ni a wannan teburin, shekara biyu tana riƙe hannuna. Ranar da na rubuta sunana ni kaɗai ta rungume ni.

Wata uku da suka wuce su biyu suka kawo mini takarda a teburin nan. Suka ce ta canjin mita ce. Rubutun ƙanana ne, shafi huɗu, Injiniya yana sauri. Ya fito da tawadar dangwala yatsa, sai na ture ta. Na ce wannan zamanin ya wuce, ku ba ni biro. Na rubuta sunana a hankali, baƙi bayan baƙi, har sau uku, a duk inda ya nuna. Na yi ta kallon yadda ya fito da kyau. Suka tafa mini.

Ba a canza mitar ba har yau.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Zan rubuta a hankali.

Na sami shagon. Dogo ne mai duhu, ƙofofi a jingine kamar mutane a layin asibiti, fitilu a rataye, bahon wanka cike da makullai. Dattijon yana da tabarau a ɗaure da igiya. Na ce maƙwabciyata ce ta aiko ni. Ban san abin da ya sa na faɗi haka ba. Na ba shi zaren.

Ya zube mini kwando guda na masu araha. Wasu sun lanƙwashe, wasu sun yi kore, biyu ne kawai suka kusa dacewa. Ya sake duba zaren ya ce tsaya, wannan awon ya san shi. Ya buɗe durowa ya fito da ƙunshin jarida. Ya ce waɗannan ba na aljihun kowa ba ne, amma in gani don ido.

Ya jera su a kan tebur. Goma sha ɗaya. Ga na falo mai ’yar lotsawa a kusurwa, inda kan gado ya buge shi ranar da muka sayi gadon. Ga na ɗakin girki da gefensa ya fi sauran haske saboda babban yatsana. Ba a goge su ba. Tokar Juma’ar ƙarshe tana nan a cikin ganyen.

Ya ce abin da ya sa suke da tsada yana bayansu. Ya juya ɗaya ya miƙo mini. Ya ce masu gyaran wuta na dā sukan karce sunan ɗaki a bayan murfi don kada su rikice, amma wannan mutumin har labari yake rubutawa, masu saye kuwa suna son labari. Ya ce ko ya karanta mini? Na ce zan gwada.

Shekara arba’in ina goge fuskarsu, ban taɓa ganin bayansu ba. Ko da na gani a lokacin, da zane ne kawai a wurina. Babansu bai taɓa rubuta mini wasiƙa ba, don ya san sai an karanta mini. Ya rasu shekara huɗu kafin in riƙe alli.

Da ƙusa ya karce su. Baƙaƙensa manya ne, suna gangarawa gefe ɗaya.

“Falo. Wuta ta zo gidanmu.”

“Ɗakin girki. Yau yaron ya taka, taku uku.”

“Ɗakin baya. Na Yaya, in ta yarda ta zo.”

Na ɗauki na huɗu. “Ɗakinmu. Ta ce ya karkace. Bai karkace ba.”

Na tuna ranar. Ina da ciki, ina zaune a bakin gado, yana tsaye da sukuru a baki. Na ce ya karkace. Ya cire shi ya juya mini baya na ɗan lokaci, ya mayar. Na ɗauka gyarawa ya yi.

Dattijon ya ce wani mutumin kirki ne ya kawo su, gidan iyayensa ne, an sayar za a rushe a yi shaguna. Ya ce uwar ta tsufa, za ta koma wurin ’ya’yanta, ita ce ma ta ce a rabu da tarkacen. Ya nuna mini takardar da ke maƙale a ƙusa, kayan da za a kawo daga gidan ƙarshen wata. Ya ce in maƙwabciyata tana son hannun ƙofa, ta dawo lokacin. Rubutun Injiniya ne. Na karanta. Ƙofar falo. Ƙofofin ɗaki huɗu. Tagogi da ƙarafunansu. Famfon tsakar gida.

Na yi masa godiya. Na manta zaren a can.

Juma’a, 14 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na yanka lemun tsami kafin in tuna.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Yarinyar lafiya. Gwaggo da sauƙi. Auta idonta ya kumbura.

Ban yi faɗa ba. Na zaunar da ita a teburin, a kujerar da nake zama lokacin da take koya mini. Na ce tambaya ɗaya ce, takardar nan ta mita ce? Ta sa fuska a hannu.

Ta yi magana da yawa. Cewa yayanta ba shi da wata hanya, cewa da ba a yi haka ba da abin ya kai inda ba a so. Na ce wane abu? Ta ce shi zai faɗa. Ta ce an tanadar mini ɗaki a inda za a koma, da banɗaki a ciki, ba sai na fita tsakar gida ba. Ta ce sun so su gaya mini in komai ya kammala, don kada hawan jinina ya tashi. Na ce Gwaggo fa? Ta ce ana magana da ’ya’yan ƙanwarta.

Ana magana.

Na ce, “Ke kika koya mini karatu. Me ya sa ba ki ce in karanta ba?”

Ta ce, “Na ga kina murna, Mama.”

Wannan ne ya fi mini ciwo, domin gaskiya ne. Ina murna.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na faɗa wa Gwaggo abin da ke bayan murfin ɗakinta. Ta ce shi ya sa da ta zo ta tarar da wuta a ɗakin da ba kowa a ciki. Sauran maganar kuwa ta ce ta sani tun ranar masu awo, gwiwarta ce ta lalace, ba idonta ba. Ta ce, “Amarya, ni fa ba na tashi. Su rubuta ni a takardar, ƙasan famfo.”

Mun yi dariya har ta fara tari.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na koma shagon. Kafin in yi sallama dattijon ya ɗaga zarena ya ce na bar kayan maƙwabciyata. Sannan ya cire tabarau ya ce, “Hajiya, shekara talatin ina wannan sana’a. Mai saye fuska yake dubawa. Ke kin san inda lotsawar take kafin ki gan ta.” Na ce gidana ne. Ya ce ya sani, kuma bai ji daɗi ba, da ya san haka ne da bai karɓa ba.

Ya ce wani mai gidan shan shayi ya riga ya gan su, yana so ya jera su a bango, bayansu a waje, don masu shan shayi su riƙa karantawa. Juma’a ƙarfe goma sha biyu zai zo ya ɗauka. Ya ce in wanda ya kawo su ya dawo da ƙafarsa kafin lokacin, zai mayar masa yadda ya karɓa, ba ƙari. Takardar ƙofofin ma zai yaga in shi ya ce a yaga. Amma shi ne zai ce, ba ni ba, don da shi aka yi magana.

Na ce ya sayar mini da ɗaya. Ya ce ba ya raba su. Na zauna a kan bahon wankan ban tashi ba. Can ya ce to, mai shayi ya gani amma bai ƙirga ba, in zaɓa. Ya karɓi kuɗin na kwando. Ya haɗa mini da tsofaffi biyun nan da suka kusa dacewa, don ɗakin girki da falo, saboda yarinyar.

Na daɗe riƙe da na ɗakin girki, mai taku uku. Na ajiye. Wannan na Injiniya ne. Ya gan shi da idonsa lokacin da yake naɗewa a jarida, ya kuma naɗe. In yana so, ya san hanya.

Na ɗauki na ɗakinmu.

Na kashe mita, na ɗaura shi da bakin wuƙa, don sukudirebar babansu tana wurin Injiniya. Na ja da baya na zauna a bakin gado, daidai inda na zauna a wancan lokacin.

Ya karkace. Wallahi ya karkace.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe tara na safe

Yarinyar lafiya, tarin ya tafi. Gwaggo lafiya. Auta tana gaishe ni, ina amsawa. Ni ina nan.

Ramuka takwas har yanzu kwali ne.

Na rubuta wa Injiniya takarda, sau uku ina sakewa. Matarsa zan kai wa da kaina. Ga abin da na rubuta, don ya zauna a nan ma.

Injiniya. Na je wurin mai injin. Bai yi tafiya ba, yana bayan tashar mota, kuma ba shi da inji. Na ga murafan, na juya su. Na ga takardarka a ƙusa.

Ban san abin da ya same ka ba, don ba ka faɗa mini ba. Da ka zo ka ce Mama na shiga uku, wataƙila da ni da kaina zan cire ƙofar falo in ɗora maka a ka. Ba ka ba ni wannan damar ba. Biro ka ba ni, ka tafa.

Dattijon zai riƙe goma ɗin har Juma’a ƙarfe goma sha biyu. Bayan nan za a rataye babanka a bangon gidan shayi. Akwai guda ɗaya da yake maganarka, ka san shi.

Abu biyu nake so in sani. Za ka je ka karɓo su, ko ba za ka je ba. Kuma ranar nawa ga wata ne ni da Gwaggo za mu wayi gari ba ƙofa. Ba na son labarin banɗaki a cikin ɗaki. Rana nake so, da lamba.

Ka ba ni amsa kafin Juma’a. Kada ka aiko Auta, ta yi kukan da ya ishe ta. Kada ka kira waya, don ba na ganin inda kake duba. Ka rubuto da hannunka, shafi nawa ne ma ba komai, ko da ƙananan baƙaƙe ne. Zan zauna a teburin in karanta har ƙarshe.

Mahaifiyarka.